Cokalin Ruwan da Ya Tona Asirin Maƙerin Sarki

Maƙerin ya kawo aikinsa ranar da aka yi alkawari. Kambi ne na zinariya, ƙira mai kyau, wanda duk ya kalla sai ya sake kallo. Aka ɗora shi a hannun sikeli ɗaya, aka ɗora ma'aunin zinariyar da aka ba shi tun farko a ɗaya hannun, sikeli ya tsaya cak bai karkata ko'ina ba. Abin da ya fita daga taskar sarki shi ne ya dawo, ba ragi ba ƙari.

Sarkin shi ne Hiyero na Biyu, mai mulkin birnin Sirakus a gaɓar tsibirin Sisili, kudu da Italiya. Ya shafe fiye da shekara 50 a kan gadon sarauta, ya rasu a shekara ta 215 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba don ya sa a kansa ya ba da aikin kambin ba. Alwashi ya ɗauka zai ajiye shi a ɗakin bauta, kyauta ga allolin da Girkawan wancan zamani ke bauta wa. A riƙe wannan bayani, domin shi ne ya mai da zance mai sauƙi ɗaurin gwarmai.

Ba a jima ba sai magana ta kai kunnen sarki cewa maƙeri ya ɗebe wani kaso na zinariyar, ya cike gurbin da azurfa daidai nauyin abin da ya ɗeba. Ran sarki ya ɓaci, ya ga an raina masa hankali, amma ba shi da hanyar kama ɓarawo. Da wani kaya ne, sai a jefa shi wuta a narka, a raba ƙarfe da ƙarfe, gani ya kori ji. To abin da aka keɓe wa ɗakin bauta ba a narka shi, ba a yanka shi. Girkawa sun san dutsen gwaji, baƙin dutsen nan da ake goga zinariya a kai a duba launin zanen da ta bari, har Tiyofirastus ɗalibin Aristotal ya yi bayaninsa a littafinsa na duwatsu. Amma dutsen gwaji fatar ƙarfe kawai yake lasa, bai san abin da ke ciki ba. Sai sarki ya miƙa matsalar ga masanin birnin, Arkimidis, wanda Larabawa ke kira Arshimidis.

Wanda ya kawo mana labarin shi ne Bitrubiyus, wani masanin gine-gine na Rum, a kashi na tara na littafinsa na ilimin gini. Ya rubuta shi wajen shekara 200 bayan aukuwar abin, kuma bai ambaci nauyin kambin ba. Don mu iya bin sawun lissafin, bari mu ɗauki adadi na misali wanda bai yi nisa da gaskiya ba. A 1977 an tono wani kambin zinariya mai siffar ganyen itace a kabarin sarakuna da ke Bergina, arewacin Girka, nauyinsa ya ɗan haura giram 700. Saboda haka mu ce sarki ya auna wa maƙeri giram 705.

Shaidar farko ke nan a hannunmu, shaidar sikeli: nauyin zinariyar da ke cikin kambin, a haɗa da nauyin azurfar da ke ciki in akwai, giram 705 ne. Maganar gaskiya ce, sikeli bai yi ƙarya ba. Sai dai gaskiya ce mai ƙofa da yawa. Zinariya 705 ba azurfa ko kaɗan, ta cika 705. Zinariya 600 da azurfa 105, ita ma ta cika. Zinariya 400 da azurfa 305, haka nan. Maƙeri mai amana da maƙeri macuci duk za su tsaya gaban wannan sikeli su fita lafiya.

A nan ne nake ganin mutane da yawa ke ɓata, yara a aji da manya a kasuwa. In an ce shaida ɗaya ba ta isa ba, sai mutum ya ce a sake aunawa. A kawo wani sikelin. A auna da miskali maimakon giram. Duk wannan shaida ɗaya ce aka sake wa riga. In ka auna sau goma ka tabbatar da cewa nauyin 705 ne, amma ba ka matsa ko taku ɗaya ba wajen sanin abin da ke ciki. Abubuwa biyu ne a ɓoye, yawan zinariya da yawan azurfa. Ɓoyayyu biyu kuwa sai da shaidu biyu, kuma dole na biyun ya zo da labarin da na farko bai sani ba. Duk wahalar Arkimidis ita ce neman wannan mai shaida na biyu.

Labarin yadda ya same shi ya zagaye duniya. Yana cikin tunanin matsalar ya je gidan wanka, ya shiga kwarmin wanka da ke cike da ruwa, sai ya lura gwargwadon yadda jikinsa ke nutsewa, gwargwadon yadda ruwa ke malala ta baki. Bitrubiyus ya ce murna ta sa ya fito a guje ya nufi gida ko tufa bai tsaya sawa ba, yana shelar cewa ya gano.

Me ya gano? Girman abu mai siffa ta sosai, kamar tubali ko ƙwallo, Girkawa sun iya lissafa shi da ma'auni. Amma kambi mai lanƙwasa da ganye da rassa, ta ina za a fara? Ruwa ya warware wannan. Ruwa ba ruwansa da siffa, yana shiga kowane lungu. Duk abin da ka nutsar, zai ture ruwa daidai gurbin da ya ci, kuma ruwan da aka ture ana iya tara shi a auna.

Amfanin sanin gurbi kuwa shi ne, zinariya da azurfa ba su ɗaukar wuri iri ɗaya. Ɗan ƙaramin dunƙulen zinariya da zai ture mililita 1 na ruwa, nauyinsa giram 19.3 ne. Dunƙulen azurfa mai wannan girman, giram 10.5 kacal. Duk wanda ya taɓa riƙe awarwaron gwal na gaske a tafin hannu ya san wannan nauyin da ke zuwa ba zato, abu ƙarami amma yana danna hannu. Saboda haka in maƙeri ya cire giram 100 na zinariya ya zuba giram 100 na azurfa, sikeli ba zai ce komai ba, amma kambin ya ƙara jiki, domin azurfar na bukatar wuri kusan ninki biyu. In kuma ya ce zai kiyaye girman kambin, to nauyi zai ragu, sikeli ya kama shi. Zai iya rufe bakin ɗaya daga cikin shaidun, amma ba zai iya rufe bakin duka biyun a lokaci guda ba.

A ruwayar Bitrubiyus, Arkimidis ya sa aka yi dunƙule biyu, kowanne daidai nauyin kambin, ɗaya zinariya zalla, ɗaya azurfa zalla. Ya cika babban kasko da ruwa har baki, ya nutsar da azurfa, ya cire, ya auna ruwan da ya ƙara kafin kaskon ya sake cika. Ya yi haka da zinariya, sannan da kambi. Da alƙalumanmu na misali, giram 705 na zinariya zalla zai ture mililita 36.5. Na azurfa zalla zai ture wajen 67. Mu ce da aka nutsar da kambin, sai ya ture 42.

Ruwa ba ya tsami banza. Da kambin zinariya ce zalla, da 36.5 za a gani. Wannan rarar mililita 5.5, cikin cokalin shayi ɗaya da ɗan ɗigo, ita ce sawun ɓarawo.

Amma alƙali ba ya tsayawa a kan cewa an yi sata, sai ya tambayi nawa aka sata. Daga nan ne labarin kambi ya zama irin tambayar nan ta gauraye da ɗaliban sakandare ke haɗuwa da ita a darasin aljabra, wadda da yawansu ke gudu kamar sun ga maciji. Mu bi ta a hankali.

Da farko a raɗa wa ɓoyayyun suna, kuma a faɗi ainihin abin da kowane suna ke nufi. Mu ce z shi ne gurbin da zinariyar cikin kambin ta ci, a mililita. Mu ce a shi ne gurbin da azurfar ta ci, shi ma a mililita. Shaidar ruwa ta ce gurbin biyu in an haɗa 42 ne:

z + a = 42

Shaidar sikeli ta ce nauyin biyu in an haɗa 705 ne. Kowane mililita na zinariya giram 19.3 ne, na azurfa 10.5, saboda haka:

19.3z + 10.5a = 705

Kafin a taɓa alƙalami, ana iya warware wannan da baki, kuma na fi son a fara da haka. A ƙaddara maƙerin ya kai maƙura wajen cuta, ya yi kambin duka da azurfa, girmansa mililita 42. Nauyinsa zai zama 42 sau 10.5, wato giram 441. Amma sikeli ya ce 705. Akwai giɓin giram 264 da azurfa ba za ta iya bayaninsa ba. Daga ina wannan ƙarin nauyi ya fito? Daga zinariya. Duk mililita ɗaya da ka cire azurfa ka sa zinariya a gurbinta, girma bai canza ba, amma nauyi ya hau da 19.3 a ɗebe 10.5, wato giram 8.8. Sau nawa za a yi wannan musanya kafin a cike giɓin 264? A raba 264 da 8.8, a sami 30. Zinariya ta ci mililita 30, saura 12 na azurfa.

Abin da ake yi a kan allo shi ne wannan tunanin, an dai taƙaita shi. A ninka layin farko duka da 10.5, ya zama 10.5z + 10.5a = 441. Yanzu azurfa ta zo da fuska iri ɗaya a layukan biyu, 10.5a a sama, 10.5a a ƙasa. A ɗebe wannan layi daga layin sikeli, azurfa ta kashe azurfa ta fita daga zancen, a bar 8.8z = 264. Ɓoyayyu biyu sun koma ɗaya, ɗaya kuwa ba ya da wurin ɓuya: z = 30. A mayar da shi layin farko, a = 12. Wanda ya fi son wata hanyar yana iya cewa a = 42 − z, ya cusa wannan a layin sikeli, ya buɗe baka, zai iso gida ɗaya.

Saura a mayar da gurbi zuwa nauyi. Zinariya, 30 sau 19.3, giram 579. Azurfa, 12 sau 10.5, giram 126. Sannan a koma wurin shaidun biyu a karanta musu hukunci a ji ko sun yarda, kuma wannan mataki ne da bai kamata a tsallake ba. Sikeli: 579 da 126 sun ba da 705, daidai. Ruwa: 30 da 12 sun ba da 42, daidai. An ba maƙeri giram 705 na zinariya, 579 kawai ke cikin kambin. Giram 126 sun bi shi gida. Da harshen masu sayar da gwal, sarki ya ba da karat 24, aka dawo masa da abin da bai cika karat 20 ba.

Arkimidis bai rubuta z da a ba, zamaninsa ba a san wannan salon ba. Girkawa da gwargwado suke aiki. Za su ce tazarar da ke tsakanin zinariya zalla da azurfa zalla mililita 30.6 ce, kambin ya yi tafiyar 5.5 a cikinta, wato kusan kashi 18 cikin 100, to kusan kashi 18 cikin 100 na nauyinsa azurfa ce. Amsa ɗaya ce. Sunan aljabra kansa sai bayan shekara dubu ya zo, daga littafin da Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun. Kalmar aljabru a Larabci tana ɗauke da ma'anar ɗori, irin wanda maɗori ke yi wa karaya: in wani ɓangare ya sami ragi, a cike shi, a ƙara daidai wannan a ɗaya ɓangaren. Abokiyarta almuƙabala ita ce gwama ɓangarori biyu a soke abin da suka yi tarayya a kai. Abin da muka yi wa 10.5a ke nan.

Akwai rami a bakin wannan hanya, kuma masu kaifin kai ne suka fi faɗawa. Na taɓa ba ɗalibai wannan tambaya, wata yarinya da ta riga kowa gamawa ta ɗaga hannu.

"Malam, na samu. Azurfa 12 ce cikin 42, kusan kashi 29 cikin 100 ke nan. Kashi 29 na 705 kuwa ya kai giram 200 da 'yan kai. Abin da ya sata ke nan."

"To ɗiyata, 12 ɗin nan, 12 na mene ne?"

Ta duba takardarta, ta yi shiru, sannan ta ce, "Na gurbi ne, Malam. Ba na nauyi ba."

Ita da kanta ta gyara. Azurfa ta ci kashi 29 na girman kambin, amma kashi 18 kawai na nauyinsa, don ita ba ta da nauyi kamar abokiyar zamanta. Da an bi amsarta ta farko, da an ɗora wa maƙeri giram 75 da bai ɗauka ba. Lissafinta bai karkace ko'ina ba, mantawa ta yi da abin da ta raɗa wa suna. Shi ya sa nake nacewa a rubuta a saman takarda, da cikakkiyar jimla, abin da kowane harafi ke wakilta. Ɓarawo ma yana da haƙƙin kada a ƙara masa a kan abin da ya sata.

Da a nan labarin ya ƙare, da ya yi daɗi. Sai dai akwai wani abin da bai zauna ba, kuma kowa na iya gwada shi a madafa. Ka ɗauki kwano ka cika shi da ruwa har baki. Ka sunkuya ka dube shi ta gefe. Za ka ga ruwan ya yi tozo sama da bakin kwanon bai zube ba. Ka ƙara cokali ɗaya, ya shanye. Ka ƙara wani, wataƙila ya shanye. Sannan ya ɓalle gaba ɗaya, ya bi jikin kwanon yana zuba fiye da abin da ka ƙara. To yaushe ne za a ce kwanon ya cika? Kambi abu ne mai faɗin da zai zagaye kan mutum, dole kaskon da zai ɗauke shi ya kai faɗin santimita 25 ko kusa da haka. A irin wannan kasko, rarar mililita 5.5 da muke nema za ta ɗaga ruwa da kaurin takarda ɗaya ne kawai. Ga kumfar iska da za ta maƙale a ƙarƙashin ganyayyaki, ga ruwan da zai bi kambin in an ciro shi. Kuskuren awo zai iya haɗiye shaidar ɗungurungum. Ba na jin mutum mai tsantseni kamar Arkimidis zai yarda a hukunta wani da irin wannan awo.

Wannan shakka ta daɗe. A 1586 wani saurayi ɗan shekara 22 a Italiya, Galileyo, ya rubuta ɗan littafi mai suna La Bilancetta, wato ɗan ƙaramin sikeli, inda ya nuna cewa hanyar malalar ruwa ta yi gwari da yawa a ce ita ce ta Arkimidis. Ya koma ga rubutun Arkimidis na kansa. A cikin littattafansa da suka iso gare mu babu zancen kambi, amma akwai littafi a kan abubuwan da ke cikin ruwa, kuma a nan ya kafa ƙa'idar da har yau ake kira da sunansa: abin da aka nutsar a ruwa yana rage nauyi daidai nauyin ruwan da ya ture.

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san wannan a damtsensa. Muddin guga na cikin ruwa, igiya sakayau take, kamar ba komai a ƙarshenta. Da zarar gugan ya ɓullo sama, sai nauyi ya faɗo maka a kafaɗa. Ruwa ne ke tallafe da shi.

Ga yadda wannan ke kama maƙeri. A rataya kambi a hannun sikeli ɗaya, a rataya dunƙulen zinariya zalla mai giram 705 a ɗaya hannun. A sarari sun yi daidai. Sai a sauke su duka biyun cikin ruwa suna rataye. Mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne, saboda haka ruwa zai tallafe wa dunƙulen giram 36.5, ya tallafe wa kambin giram 42. Dunƙulen ya koma 668.5, kambin ya koma 663. Sikelin da ya tsaya cak a gaban sarki zai sunkuya ta wajen zinariya zalla, kambi ya yi sama, kowa na kallo. Bambancin giram 5.5 ba ya ɓuya ga sikelin masu awon zinariya, ko na wancan zamani. Abin da ido ya kasa gani a bakin kasko, an mayar da shi nauyi, an miƙa wa sikeli. Kuma lissafinmu bai canza ba ko kaɗan: nauyin da kambin ya rasa a ruwa, 42, shi ne adadin da ke ƙarshen layin z + a.

Yau da ƙaramin sikelin lantarki ana yin wannan a kan tebur. A auna zobe a rubuta. A ɗora kofin ruwa a kan sikelin a mayar da shi sifili. A ɗaura wa zoben zare, a sauke shi cikin ruwan ya nutse duka ba tare da ya taɓa gindin kofi ko gefensa ba. Adadin da sikeli ya nuna shi ne gurbin zoben. Layuka biyu sun samu.

Sai dai layukan nan biyu suna tsaye ne a kan wasu sharuɗɗa da ba mu furta ba, kuma ya kamata a fito da su fili. Mun ɗauka in an narka mililita 30 da mililita 12 tare za a sami 42. Ba kowane gauraye ke bin wannan ba. Ka zuba mudun gero a cikin mudun gyaɗa ka girgiza, ba za ka sami mudu biyu ba, don gero zai shige tsakanin 'ya'yan gyaɗa. Sa'ar da aka yi ita ce ƙwayoyin zarra na zinariya da na azurfa kusan girmansu ɗaya, suna zama a gurbin juna ba tare da cunkoso ko rami ba, shi ya sa haɗin ke fita kusan daidai. Mun kuma ɗauka kambin ba shi da kogo a ciki. In akwai rufaffen rami mai iska a wani reshe, gurbi zai ƙaru, lissafi ya ɗora wa mai gaskiya laifi.

Sharaɗi mafi nauyi shi ne cewa ƙarfe biyu ne kawai a ciki. Wa ya ce azurfa ce? Mai tsegumi ne ya faɗa. A ce jan ƙarfe maƙerin ya zuba, wanda mililita ɗinsa bai cika giram 9 ba. A sake lissafin da alƙaluman nan dai, 705 da 42, za a sami zinariya wajen giram 613, jan ƙarfe wajen 92. In kuma ya gauraya azurfa da jan ƙarfe tare, abin da maƙera ke yi don launi ya zauna daidai, to ɓoyayyu sun zama uku, shaidu na nan biyu, amsa ta sake buɗe ƙofofi. Abin da za a iya rantsewa a kai shi ne an yi sata, kuma tana tsakanin giram 92 da 126. Kafin a tsayar da adadi ɗaya sai an nemo shaida ta uku.

Akwai ma ƙarfen da ke sa shaidun biyu su zama baki ɗaya. Tangistin, wanda ake yin siririyar wayar cikin tsohon ƙwan lantarki da shi, ba a ware shi ba sai a 1783 a Sifaniya, saboda haka maƙerin Sirakus bai san shi ba. Mililita ɗinsa giram 19.25 ne, na zinariya 19.3. Ka tuna 8.8 ɗin nan da muka raba 264 da shi, wanda shi ne ƙashin bayan lissafin duka? A nan ya koma 0.05. Ko da rabin kambin tangistin ne, rarar ruwan da zai ture ba ta wuce ɗigo ɗaya ba. Layin ruwa da layin sikeli sun zama kusan layi ɗaya da aka rubuta sau biyu, mun koma inda muka fara. A 2012 an gano sandunan gwal da aka cusa wa tangistin a ciki a kasuwar birnin New York. Masu harkar yanzu suna neman shaida ta wata kafa, suna aika sauti ya ratsa sandar da na'ura irin wadda ake duba mai juna biyu da ita, domin sauti na gudun sama da mita 3,000 a daƙiƙa cikin zinariya, amma sama da 5,000 cikin tangistin.

Saura tambaya ɗaya da na bari a baya da gangan. Alƙaluman nan 19.3 da 10.5, waɗanda in babu su babu layi na biyu, sai da wani ya zauna ya auna su. Cikin waɗanda suka fi ba wannan aiki haƙƙinsa akwai Abu Raihan Albiruni, wanda aka haifa a 973. Ya fahimci matsalar faffaɗan kasko, sai ya ƙera tulu mai faɗin gindi da siririn wuya, da ɗan bututu a wuyan mai lanƙwasa ƙasa. Yana jefa ƙarfen da ya auna a ciki, ruwan da aka ture ya bi bututu ya sauka a farantin sikeli. A siririn wuya ƙaramin ƙari ma yana bayyana. Alƙaluman da ya samu na zinariya da sauran ƙarafa sun yi kusa ƙwarai da na yau. Bayansa Umar Khayyam, wanda duniya ta fi sani da waƙa alhali gwanin aljabra ne, ya rubuta maƙala a kan ainihin wannan tambaya, yadda za a san yawan zinariya da azurfa a jikin da aka haɗa da su biyun.

Wani abokin zamanin Khayyam, Muzaffar Al'isfizari, ya ƙera sikelin ruwa mai gane algus a zinariya, domin taskar Sarki Sanjar na daular Saljuƙawa. Masu tarihin malamai sun ruwaito cewa ma'ajin sarki, da ya gane abin da wannan sikeli zai iya tonawa, sai ya farfasa shi, kuma baƙin cikin haka ya kwantar da Al'isfizari har ya rasu. Aikin bai tafi kabari da shi ba. A birnin Marwa, cikin ƙasar Turkumenistan ta yau, Abdurrahman Alkhazini, wanda ya taso yana bawa ɗan asalin ƙasar Rumawa, ya tattara abin da Arkimidis da Albiruni da Khayyam da Al'isfizari suka bari, ya kammala littafinsa Mizanul Hikima wajen 1121. Ya ƙera wa taskar Sanjar ɗin nan wani sikelin, mai faranti biyar, ɗaya daga cikinsu a nutse cikin ruwa.